Wasiƙa kan leƙa hanyar iska a tiyatar ƙirji

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Ka ce za a fara ba ka masu tiyatar huhu ka sa su barci, to ga abin da nake so ka riƙe: kada ka yarda da kunne kaɗai. Sauraren ƙirji yakan ce bututun numfashin da ka saka ya zauna daidai alhali ya kauce, sai na'urar leƙa huhu ta tona asiri.

Da ka shiga maƙogwaro da na'urar, fara sanin gaba da baya. Zoben guringuntsi suna gaba, bangon baya kuwa mai laushi ne, da zane-zanen tsoka a tsaye. Bi su har mararraba, inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhun dama da na hagu. Reshen dama gajere ne, ya fi faɗi, ya fi miƙewa, kuma ƙofar sashen sama na huhun dama tana ɓullowa santimita 2 ko ƙasa da haka daga mararraba. Na hagu ya kai santimita 5, shi ya sa aka fi zaɓar bututu mai rami biyu na hagu, wato mai rami ɗaya da ke buɗewa a maƙogwaro, ɗaya kuma a cikin reshen hagu. Girman bututun lamba 35 ko 37 ne ga mata, 39 ko 41 ga maza, zurfinsa kusan santimita 29 a haƙora ga mai tsayin santimita 170.

Inda aka fi ruɗewa shi ne ɗaukar wata ƙaramar mararraba ta ciki a matsayin babbar. Maganinsa, shiga dama ka nemo sashen sama: ƙofofi uku za ka gani a haɗe. In ka gan su, ka san inda kake. Sannan ta ramin bututun da ke buɗewa a maƙogwaro, ka tabbata kana hango gefen shuɗin balan-balan ɗin da ke jikin bututu, wanda ake hurawa don ya rufe kewayensa, a bakin reshen hagu, dab da mararraba. Iskar da za ka hura masa kada ta wuce mililita 3. In ya leƙo waje sai ya toshe dama, in ya nutse sai ya rufe sashen sama na hagu.

Bayan an juya majinyaci kan gefensa, sake leƙawa, domin motsin wuya kaɗai yana jan bututu. In oksijin ya faɗi ana tsakiyar aiki, ƙara wanda kake ba majinyaci zuwa kashi 100 cikin 100, ka leƙa, ka zuƙe majina, kafin ka taɓa wani abu.

Ka gaishe min da mutanen gida.

Naka,
Amininka