Wasiƙa zuwa Fatakwal a kan bitar kare yara

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zaman Fatakwal, ya ruwan sama? Mu nan Kano zafi ne, sai dai hamdala.

Na yi murna da labarin Islamiyyar da za ku buɗe wa yaran 'yan Arewa na unguwarku, Allah Ya sa albarka. Shi ya sa na ce labarin bitar nan ba na waya ba ne, gara in rubuta ki ajiye. An tara mu ne, malaman firamare da na Islamiyya, da ma'aikatan asibiti, da jami'an jin daɗin jama'a, har da 'yan sanda, aka koya mana yadda ake gane yaron da ake cutarwa, inda ake kai maganarsa, da wanda ke da alhakin bincike.

Da alƙaluma aka fara. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, yaro namiji 1 cikin 10, an taɓa yin lalata da su ko an gwada. Na maza ɗin nan shi ya sa ɗakin ya yi tsit, don mu nan mace kaɗai muke sa wa ido.

Wata likitar yara ce ta fi riƙe ni. Ta ce yaro mai lafiya ba ya rabuwa da ciwo, amma ciwon wasa yana da mazauninsa: gwiwa, ƙwauri, goshi, gwiwar hannu. In kika ga shaida a kunne, ko wuya, ko gadon baya, ko cikin cinya, ki tsaya ki duba. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, ina ya je ya faɗi? Ta haska mana hotuna a bango. Akwai bayan wani yaro da shatar wayar caja da aka ninka biyu, zagaye a kan zagaye, wasu sun bushe wasu ɗanyu, ka san ba dukan rana ɗaya ba ne. Akwai ƙafar da ta ƙone daga yatsu zuwa idon sawu, iyakarta a miƙe kamar bakin safa. Ta ce ruwan zafin da ya zube wa yaro da tsautsayi fallatsa yake yi, ya bi jiki ya gangara. Mai iyaka a miƙe, tsoma ƙafar aka yi aka riƙe. Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba.

Ta kuma ce yawancin yaran da aka yi lalata da su, in an duba su a asibiti ba a ganin komai, musamman in an kwana biyu. Don haka “likita ya duba bai ga komai ba” ba ta wanke kowa, kuma ba ta mai da yarinya maƙaryaciya. Abin da malama za ta fi gani shi ne sauyin hali: mai surutu ta yi shiru, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, yaro ya ƙi tafiya gida in an tashi, ko ya riƙa zuwa da kuɗi da alawar da ba a san mai ba shi ba.

Sai aka sa mu gwaji, ɗaya ta zama malama, ɗaya ta zama yarinya. Kusan kowa da salati ya fara, sannan, “Waye? Mai shagon nan ne ko? Faɗa min gaskiya!” Jami'ar da ke jagorantar gwajin ta tsayar da mu. Ta ce salatin da zare idon kaɗai sun isa yarinya ta haɗiye sauran maganar, don za ta ɗauka ita ce ta yi laifi. Sunan da kika sa mata a baki kuma, ko dai ki jawo wa marar laifi masifa, ko ki ba lauyan mai laifi abin da zai rusa shari'a da shi. Abin da za ki ce kaɗan ne: “Ina jin ki. Sai me ya faru?” Ki gaya mata ba laifinta ba ne. In ta ce ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba, kada ki rantse, ki ce za ki faɗa wa wanda zai taimake ta kawai. Da ta fita ki rubuta ranar da lokacin da kalmominta yadda ta faɗe su, ko da na yarinta ne, kada ki gyara mata Hausa. Kuma kada a yi ta jan ta daga ofishin hedimasta zuwa ɗakin malamai tana maimaitawa.

Abin da ya fi sauke min nauyi shi ne da aka ce bincike ba aikinmu ba ne. Ba sai kin tabbatar ba kafin ki kai magana, zargi mai dalili ya isa. Ba ke za ki tunkari wanda ake zargi ba, ba ke za ki tuɓe yarinya ki duba ba. Wannan na likita ne da ɗan sanda da jami'in jin daɗin jama'a.

Kin dai san garinmu. Abu ya faru, sai dattawa su taru a zauren mai unguwa, a ce a rufa asiri saboda auren yarinya, a bar wa Allah, a biya kuɗin magani a kashe maganar. Mutumin kuma yana nan a layin, gobe wata ce. Yanzu ga sabon salo, a ɗauki bidiyon yarinya fuska a buɗe a saka a Facebook da sunan nema mata haƙƙi, har ta girma hoton na yawo. Ni a ganina duk ba don yaron ake yi ba, na farko mutuncin manya yake karewa, na biyu huce haushinsa yake yi. Kuma yayin da ake zaman sulhu lokaci na tafiya. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Ana so kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke kayanta, a sa su a takarda ba a leda ba, a wuce asibiti. Mu nan akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, wannan ne aikinta. Ga Ma'aikatar Mata, ga NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, in maganar ta shafi yaran da ake kwasowa daga ƙauye aikatau. Ke ma ki nemi irinsu a can tun kafin buƙata ta taso.

Dokar kare haƙƙin yara ma yanzu akwai. Ta tarayya tun 2003 aka yi ta, amma Kano sai a Mayun 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a tata, dab da zai sauka. Kin tuna tashin hankalin da aka shiga a farkon 2022 kan yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe? Malaminta ne da ta sani, ba baƙo ba.

An yi cacar baki kan bulala. Wani malamin allo ya miƙe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da duka aka yi mu, ga mu nan. Da yawa suka tafa. Wani ɗan uwansa malami ya ce tanƙwarawa aka ce ba karyawa ba, kuma malaman fiƙihu da suka yarda da horo sun hana dukan fuska da dukan da zai ji ciwo. Ba a daidaita ba, amma shi mai iccen shi ya fi kowa tambaya daga baya kan almajiransa ƙanana da manyan ɗalibai ke kwana da su ɗaki ɗaya. Na ji daɗinsa.

Sakaci ne ya fi wuyar ganewa, don rabin ajina ba sa karyawa da safe, ba kuma don iyayensu ba sa son su ba. Talauci daban, ko-in-kula daban. Uwar da ba ta da kuɗin magani taimako take buƙata. Wanda kowa ya ci a gida shi kaɗai aka hana, ko 'yar aikin da ke kwana a tsakar gida cikin hunturu, wannan wata magana ce.

Don haka kafin ku buɗe, ku binciki duk wanda za ku ɗauka a wurin da ya baro, ko da ɗan uwan maigidan ne. Kada malami ya keɓe da yaro ƙofa a rufe. Kada a ba kowa yaro in an tashi sai wanda iyaye suka rubuta sunansa. Ku ware mace ɗaya da namiji ɗaya da yara suka san za su iya zuwa wurinsu, da littafi ɗaya a akwati mai makulli. Zan ɗauki hoton fom ɗin rahoton da aka ba mu in turo miki ta WhatsApp, sai ku gyara shi daidai da makarantarku.

Na leƙa gidanku ranar Juma'a, Hajiya lafiyarta ƙalau, ta ce yaji da daddawarki na nan in an sami mai zuwa. Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan auta.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Kano