A sa wa kwasa-kwasan fanni iyaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A jami'o'in Amurka masu ba da ilimi mai faɗi, digirin farko yakan ci kiredit 120 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas): zango 8, kowane zango kiredit 15, kwas ɗaya galibi kiredit 3. Ina goyon bayan a hana fannin da ɗalibi ya zaɓa wuce kiredit 40.

Sashe kan ƙara kwas bana, ya ƙara baɗi, ba ya cire ko ɗaya, don kowane malami nasa yake karewa. In fanni ya kai 60, kwasa-kwasan bai-ɗaya da ake wajabta wa kowane ɗalibi suka ci 40, saura 20 kacal na kwasa-kwasan da ɗalibi zai zaɓa da kansa. Ɗalibin da ya sauya fanni a shekara ta biyu sai ya ƙara zango, da kuɗin aljihunsa.

Sai dai a haɗa da kwasa-kwasan share fage a lissafin, domin nan ake ɓoye kaya. Misali, a takarda fannin sinadarai na iya zama kiredit 36, amma sai ka ci kwas biyu na lissafi da kuma fizik kafin a buɗe maka ƙofa.

Injiniyanci kam a ware shi, tunda hukumar ABET, mai tantance digirin injiniyanci, na buƙatar kiredit 45 na fannin da 30 na lissafi da kimiyya.

Wassalam,
Wani malamin jami'a