Ba kowane sabon direban katin hoto ake saukewa ba

Ya Edita,

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka kan tambayar da masu kwamfuta a gida ke yawan yi: duk sanda saƙo ya fito cewa akwai sabon direban katin hoto, dole ne a sabunta? A'a, sai da dalili.

Direba shi ne manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da katin da ke zana hoto a allo, na Nvidia ne, AMD ko Intel. Yawancin sababbin, don sababbin wasanni ake fitar da su. Mai rubutu da kallon bidiyo kawai ba zai ga bambanci ba. A sabunta idan wasa ko manhajar gyaran bidiyo ta ƙi tashi sai da sabo, ko kamfanin ya sanar da toshe wata ɓaraka ta tsaro. Wannan kam ba a jan ƙafa a kansa.

Allon da ke yin baƙi ya dawo shi ma dalili ne, amma a yi hattara. Idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows kan sake tayar da direban, shi ne wannan ƙiftawar. Sau da yawa zafi ne ke jawo ta. A leƙa fanka tukuna. Direba ba ya share ƙura.

Kafin a taɓa komai, a danna maɓallin Windows da R, a rubuta dxdiag, a buɗe shafin Display, a kwafe sunan katin da lambar direban a takarda. A sauko da kwafin wannan tsohon daga intanet a ajiye, don shi ne hanyar komawa. Sabon kuma daga shafin kamfanin kaɗai. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta komai da dannawa ɗaya sukan ɗora wa kati direban da ba nasa ba. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya fara duba shafin wanda ya ƙera ta, musamman mai kati biyu, kuma ya jona caja. Wanda abincinsa ke kan gyaran bidiyo da katin Nvidia, direban Studio na masu irin wannan aiki ya fi masa Game Ready na masu wasa kwanciyar hankali.

Bayan sabuntawa wasa na iya ɗan cijewa a mintunan farko, yana sake shirya ma'ajiyarsa ne. Idan allo ya sandare, a danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a shiga Device Manager, Display adapters, Properties, Driver, a danna Roll Back Driver. Idan maɓallin ya dushe, Windows bai ajiye tsohon ba ke nan. Sai a cire intanet, a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, a wanke direban da DDU, manhajar goge direban katin hoto, a saka wanda aka ajiye. Cire intanet ɗin ba ado ba ne: in an bar shi, Windows Update zai riga ka saka nasa.

Masu tsofaffin katuna kuwa su huta. Tun 2021 Nvidia ta daina yi wa yawancin GTX 600 da 700 sababbin direbobin wasa, a direbobi masu lamba 470 suka tsaya. Na baya-bayan nan ba zai ma yarda ya hau kansu ba.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta.