Haɗarin kiwon mesa a gida don sha'awa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan ɗabi'ar kiwon mesa a gida don sha'awa, wadda ta zame wa jihar Fulorida ta Amurka alaƙaƙai.

Mesar Burma, wadda asalinta Kudu maso Gabashin Asiya ne, ana sayenta tana 'yar ƙarama, amma tsawonta na iya kaiwa mita 5, kuma idan ciyar da ita ya gagari mai ita sai ya sake ta a daji. Wannan na cikin dalilan da suka sa ta samu gindin zama a fadamar Everglades da ke Fulorida, inda ɗumi da ruwa suka yi mata daidai, ga shi mace ɗaya na iya saka ƙwai fiye da 50 a lokaci guda. Zomaye sun yi ƙaranci ƙwarai a wurin, har barewa da kada ba su tsira daga bakinta ba.

A 2012 gwamnatin Amurka ta haramta shigo da ita, sai dai a ganina an makara, domin fatarta na sajewa da ciyawa, ko mafarautan da ake biya don farautarta ma, kaɗan suke iya kamawa.

Naku,
Wani mai karatu