Barka da Sallah daga Bronx

Assalamu alaikum Umma, an yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana.

Mu ma mun yi idi da safe a wani filin shaƙatawa nan unguwar Bronx a birnin New York, 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Gambiya kowa ya ci kwalliya gwanin sha'awa, amma ana sallamewa rabin mutane suka kama hanyar aiki. Wallahi Umma tun safe hancina ƙamshin suya yake nema. Kuɗin layya na biya a wata gona bayan gari, sai gobe za a kawo naman a kwali an yayyanka shi, ba kai ba kayan ciki. Ni ko hantar nan da kike fara soyawa tun ba a gama fiɗa ba, ki barbaɗa yaji ki miƙo mana a murfin kwano muna ci tana ƙona mana yatsu, ita ta hana ni sukuni yau.

Inda muka yi sallar kina ɗaga kai za ki ga Yankee Stadium. Ki ce wa Auta hular nan tasa mai NY ta masu filin ce, Yankees, wasansu besbol, ɗaya ya jefo ƙwallo ɗaya ya make ta da kulki ya kwasa a guje. Da can a filin wata ƙungiya suke raɓe a tsallaken kogi, har suka gina nasu aka buɗe a watan Afrilu 1923, ranar ma gwaninsu Babe Ruth ya maka ƙwallo sai cikin 'yan kallo, kuma a shekarar suka fara cin kofi. Amma wanda za ki faɗa wa Baba shi ne a nan Muhammad Ali ya ci Ken Norton a 1976, Mandela ma ya yi taro a ciki a 1990 bayan fitowarsa daga kurkuku. A 2008 suka buga wasan ƙarshe, 2009 suka koma sabo a tsallaken titi, tsohon aka rushe, yanzu ciyawa ce yara na wasa a kai. Na je na tsaya a wurin da babbar rigata ina tuna yadda Baba yake ba mu labarin Ali a zaure har da dunƙule hannu, sai da idona ya ciko.

Ki gaida Baba sosai da sosai, ki ce na taka inda gwaninsa ya yi dambe. A gaida Inna, ya ƙafar tata, tana shan maganin kuwa? Ki ce goron sallarta na nan tafe, kar ta ce na manta. Gwaggo da yaranta, su Kawu, Yaya da amarya, maƙwabta duka. Auta kuma ya ɗauko min hoton ragon kafin a gama da shi, da kaskon suyar, ina jira ko da tsakar darenmu ne.

Ɗanki.