Babana, Kada Ka Tura Saƙon da Ba Kai Ka Rubuta Ba

Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya zaman jami'a a Gubi? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Da na so sai in kira ka a waya, amma na san halinka, "to Baba, to Baba" har mu gama, kana kashewa ka manta. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta ka maimaita.

Maganar saƙon nan ce da ka tura zauren gidanmu na WhatsApp makon jiya, wanda aka ce ana rabon data kyauta ga ɗalibai da iyayensu. Na san ba da wata manufa ka tura ba, kai ma turo maka aka yi. To amma Goggonka ta Pantami ta danna, don sunanka ta gani a kai. Da na tambaye ta sai ta ce, "Yaya, ai ɗan jami'a ne ya turo." A ranar da safe ta loda katin naira 2,000. Da la'asar ta zo kiran 'yarta, aka ce mata kuɗinta bai isa ba. Datar da aka yi mata alkawari kuwa har yau shiru.

Na karɓi wayar na bi sawu. Shafin ya fara da 'yan tambayoyin banza, wane layi take amfani da shi, shekarunta nawa. Daga nan ya ce ta tabbatar ita mutum ce ba na'ura ba, irin abin nan da kowa ya saba gani a intanet har ya daina karantawa. Tana dannawa sai wurin rubuta tes na wayarta ya buɗe da kansa, an riga an rubuta saƙo, an jera lambobi, abin da ya rage mata kawai ta tura. Ta tura. Shafin ya ce saura mataki ɗaya, ta sake turawa, haka har sau huɗu. Da na leƙa saƙonnin da suka fita, babu lamba ko ɗaya mai farawa da +234. Duk na ƙasashen waje ne, kuma kowane mataki lambobi da yawa ne a dunƙule. Tes na cikin gida naira 6 ne tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Na waje ya ninka haka sau da yawa, kuma kowace lamba da nata kuɗin.

Za ka ce to shi ɓarawon me ya samu, tunda kamfanin layi ne ya ci katin? Kamfanin nan yana biyan kamfanin can ƙasar waje ladan isar da saƙo, shi kuma ɓarawon ya yi hayar waɗannan lambobi bisa sharaɗin a ba shi kasonsa a kan duk saƙon da ya shiga. Ka ga ba ya bukatar lambar sirrin bankinta, ba ya bukatar kutsawa cikin wayarta. Yatsanta ya ara. A lissafin kamfani ita ta tura, kuma ba ƙarya suka yi ba, shi ya sa dawo da irin wannan kuɗi yake da wuya. Shafin gaskiya mai tantance mutum, hotuna zai nuna maka ka zaɓi mota ko keke, ko ka kwafi wasu haruffa. Duk wanda ya kai ka wurin tura tes, rufe shi, ko da ya hana ka komawa baya sai ka kashe manhajar gaba ɗaya.

Ban rubuto don in nuna na fi ka wayo ba, ni ma an ci ni, kuma tawa ta fi muni don ta daɗe. Bara na yi watanni kati ba ya zama a wayata. In loda yau, jibi ya kusa ƙarewa ban kira kowa ba. Na ɗora wa ƙanwarka laifi, na ce ita ke ɗaukar wayar tana hira da ƙawayenta, har ta yi kuka ta rantse. Sai da na je ofishin kamfanin layin, yarinyar da ke wurin ta duba kwamfuta ta ce ai na yi rajistar wani tsarin hasashen wasan ƙwallo, naira 50 kullum. Ni da ban san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba! Ashe wani talla ne ya faɗo mini ina karanta labarai, na danna don in kawar da shi. Idan kana kan datar layinka, ba sai ka rubuta lambarka ba, tsarin ya riga ya san ta, dannawa ɗaya ko biyu sun isa a ce ka amince. Na dawo gida na ba ƙanwarka haƙuri, abin da har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ka lura da wannan naira 50 ɗin, don a nan dabararsu take. Da 10,000 aka ɗauka lokaci guda da na tada ƙura a ranar. Amma hamsin, wa zai biya kuɗin acaba ya je ofis ya bi layi a kanta? A wata 1,500 ke nan, a shekara ta haura 18,000, daga mutum ɗaya. Yau da gobe ke sa a gina rijiya da allura. Mu kuma mun saba da cewa "kamfani ne ke cinye kati", mu yi tsaki mu sake lodawa, ba mu bincika ba.

Akwai kuma ta manhajoji, wadda ta fi shafar ku masu manyan wayoyi. Na karanta labarin wata muguwar manhaja da masana suka sa wa suna Joker a 2019. A watan Janairun 2020 Google ya ce ya cire manhajoji kusan 1,700 masu ɗauke da ita daga Play Store. Da rigar mutunci suke zuwa, mai gyara hoto, mai canza hoton fuskar waya, mai rubutu da ado. Da ka ba ta izinin karanta saƙonninka, sai ta yi maka rajistar tsarin biyan kuɗi a ɓoye, lambar tabbatarwa ta shigo ta tes, ta karanta ta cike da kanta, ta ɓoye saƙon ba ka gani ba. Wasu har Wi-Fi suke kashewa don wayar ta koma kan datar layi, inda za a iya cirar kati. In har wurin da ake tantancewa irin wannan ta shiga, ina ga waɗanda kuke tura wa juna waya zuwa waya a ɗakin kwana? Manhajar tocila me ya haɗa ta da karanta tes? Ka shiga saitin wayarka ka ga waɗanda ka ba wannan izini, wadda ba ta da dalili ka goge ta.

Haka filashin daga lambar waje da ba ka sani ba, musamman cikin dare. So suke ka kira, kowane minti kuɗi ne a aljihunsu. Wanda yake nemanka da gaske zai sake kira.

Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta mayar da gajerun lambobin kamfanoni iri ɗaya, don haka ba ka da uzurin cewa layinka daban ne. Ka danna *310# kafin ka kwanta da bayan ka tashi na kwana uku, in kuɗi ya ragu ba ka taɓa wayar ba, akwai abin da ke ci. *305# zai nuna maka tsare-tsaren da ke kan layinka ka soke su. Ka tura STOP zuwa 2442 don a rufe maka tallace-tallacen tes, sai dai ka sani wannan ba zai hana saƙon da ka tura da hannunka fita ba. In an cire maka kuɗi ka kira 300 ka kai ƙara wurin kamfani, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta, in sun yi biris ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Yanzu abin da nake so ka yi. Ka koma zauren nan yau, ka rubuta da sunanka cewa saƙon da ka tura na damfara ne, kada kowa ya danna. Kada ka goge shi shiru kawai, don na ga kawunka na Bolari ya riga ya tura wa mutanen masallacinsu. A gidan nan kai ake ɗauka masanin waya, abin da ka turo ba a tambaya. Sannan ka kira Goggonka ka ba ta haƙuri da bakinka, ba ta tes ba. Na mayar mata da katinta, kuma ban cire daga kuɗinka na wata ba, wannan karon.

Mahaifiyarka ta haɗa maka garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli, za mu ba direba ranar Asabar da safe. Ka bar kati a wayarka don ka kira shi in ya shigo Bauchi. In ka dawo hutu za ka duba wayarta, ita ma ta fara cewa kati ba ya yi mata albarka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Mahaifinka