A Ceto Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa

Malam Edita,

Na karanta rahotonku kan 'yan sa-kai na layin dogon Welshpool da Llanfair a ƙasar Wales, waɗanda suka sayo kan jirgi mai tururi daga Saliyo a 1975, suka gyara shi har ya koma jan fasinja.

Mu ma muna da irinsa. An rufe ƙaramin layin Zariya zuwa Jos a 1957, kuma wasu daga cikin kawunansa na ajiye a gidan tarihi na Jos, rana da ruwa na dukansu. Abin damuwar shi ne, tsofaffin ma'aikatan da suka san tukunyar tururi da zuba kwal suna ta ƙarewa.

Ina roƙon Hukumar Jiragen Ƙasa ta ware kai ɗaya, ta haɗa waɗannan dattawa da ɗaliban injiniya su tayar da shi.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya